Ƙullun Wainar da Kika Bari

Zuwa ga yayata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ni ce Halima, daga gidanmu na Matameye, gidan da kika fita da kwalbar mai a hannu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina nan ma, ai ni ce mai karanta miki. Na rubuta ta a fili, inda mutanen gari za su gani, domin abin da na ɓoye ya daɗe yana cina, kuma yanzu ba sauran wanda zan ɓoye wa.

Bari in fara da labarin gida. Inna ta rasu shekara uku ke nan. Ƴarki Rukayya ta yi shekara goma sha tara, ta fi ni tsawo, kuma ta kwaso taurin kanki kaf, ba ta rage wa kowa ba. Saura kaɗan in rasa ta a hanyar da na rasa ki, wannan ne dalilin takardar.

Kin tuna telen da mijinki ya kawo daga Kano? Tana nan, sai dai yanzu sai an mare ta a gefe take kawo hoto. Kin tuna shirin ranar Asabar bayan la'asar, na Baturen nan mai malafa da ke yawo ƙasa-ƙasa yana cin abincin mutane? Ke kika raɗa masa suna Malam Kwaɗayi. Kika ce ba ki taɓa ganin ƙaton namijin da ya mayar da leƙen tukunyar mata sana'a ba, har ana biyansa. Shi yana zuba Faransanci, ni da na yi lakwal, wato makarantar boko, ina fassarawa, ke kina tsinke zogale a faifai, Inna kuma tana kan tabarma tana tsaki duk lokacin da ya kai wani abu mai ƙafafu baki.

Duk abin da ya ci, sai ki ce, "Gobe shi za mu dafa." Kashegari a tuƙa tuwon hatsi, a kaɗa miyar kuka kamar kullum, ki ɗauko kwano ki dire gaban Inna, ki murɗe baki ki kira shi da sunan abincin jiya. Inna ta ce Allah Ya shirye ki. Rukayya kuwa ta ɗauka da gaske ne, har ta je lakwal ta shaida wa ƙawayenta ta ci abincin mutanen Sin, kuma yauƙinsa ɗaya da kuka. Wallahi ba mu da komai a lokacin, amma hirar abin da za a dafa gobe ba ta taɓa yanke mana ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ruwa ya ɗauke hatsi yana fidda kai. Mijinki ya tafi cin rani Legas, tun salularsa tana shiga har ta daina. Matan Icirnawa da na Dawce suka fara bin hanyar arewa, su ratsa Agadas su shiga Aljeriya, wasu su dawo da barguna da katifu a ɗaure bisa mota. Kowa yana kallon waɗanda suka dawo, ba mai lissafa waɗanda ba su dawo ba. Kika sayar da akuyarki, kika ce wai ta cika ɓarna. Inna ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Ki sa ido a kan yayarki. Takunta ya canza." Ta ce za ta aika Dawce a kira Kawu ya zo ya yi miki magana tun kafin ki aikata.

Asabar ɗin makon, Malam Kwaɗayi ya shiga hamada. Aka nuna rairayi ja, sumul, ba ko tsinke, aka nuna raƙuma a jere. Wasu mutane masu rawani suka kwaɓa gari, suka binne shi cikin toka da yashi, suka tono burodi, shi kuma yana ci yana lumshe ido. Na waiwaya in ji kin ce gobe shi za mu dafa, sai na ga kin ajiye faifan zogale. Kika tambaye ni kwana nawa suka yi kafin su ƙetare. Na saurara, na ce miki ya ce kwana biyu. Kika tambaya ina suke samun ruwa, na ce ban ji ya faɗa ba, amma ga shi nan har shayi suke sha. Ni wawuya, ban yi tunanin bayan mai ɗaukar hoton akwai motoci cike da ruwa suna biye da shi ba. Ina ta jin daɗin na iya Faransanci.

Da shirin ya ƙare kika miƙe, kika karkaɗe zane, kika ce, "Gobe waina za mu yi." Ba da wasa ba wannan karon. Ashe tun da safe kin jiƙa sauran geron da ke gindin buhu. Kafin magariba kin kai inji an niƙa, kin dama talge kin haɗa, kin zuba tsohon ƙullu da kika roƙo a maƙwabta, kin rufe roba da faifai. Roba babba ce, Yaya, irin ta suna. Na ce wannan ƙullu haka, wa za mu gayyata? Kika yi dariya kika ce Malam Kwaɗayi.

Nan na yi kuskuren da har yau nake biya. Na tafi wajen Inna da saurina, na ce ta kwantar da hankalinta, kada a wahalar da Kawu a banza. Na ce macen da ta haɗa ƙullu ba inda za ta, domin in ba a soya da safe ba tsami zai yi, kuma Yaya Barira da ke tsince ƙwayar gero ɗaya a ƙasa ba za ta yi asarar roba guda ba. Inna ta ce gaskiyata. Ba a aika Dawce ba.

Da safe ƙullu ya tashi har yana ɗaga faifai. Kika jiƙa kanwa kika zuba kaɗan, kika juya, kika ɗanɗana a yatsa. Kika goya ƙaramar ƴarki Ummi, tana wata takwas lokacin. Kika shafa kan Rukayya kika ce kitsonta ya tsufa. Sannan kika ɗauki kwalba kika ce mini, "Hura wuta ki ɗora tanda, bari in sayo mai."

Na hura. Tanda ta yi zafi har ta fara hayaƙi. Sau uku ina ƙara itace. Da hantsi ya dubi ludayi na yafa gyale na tafi tasha, aka ce motar Damagaram ta daɗe da tashi, cike da mata da goyo. Wata mai sayar da ƙosai ta ce ta gan ki, kuma kayanki tun shekaranjiya suna wajen wata ƴar Icirnawa.

Yaya, na yi fushi da ke, fushin da ban taɓa yi da mahaluki ba. Ba tafiyar ce ta fi ƙona mini rai ba, ƙullun ne. Na ce kin san Inna ta sa ni gadinki, shi ya sa kika haɗa shi don ki rufe mini ido, kika mayar da ni sakarya a gaban uwarmu. Maƙwabciyarmu ta kawo mai a gwangwani ta ce in soya wa yarinya, na ce ta koma da abinta. Kwana uku robar nan tana tsakar gida tana kumfa, warin tsami ya cika ko'ina, Rukayya tana zagayawa tana tambayar yaushe za a ci waina. A rana ta huɗu na kinkime ta na juye a kwata, ƴarki tana tsaye tana kallo. Tanda kuma na kife ta ƙarƙashin rumbu, na rantse ba za a sake soya waina a gidan ba. Bayan mako guda na ga man gyaɗa a kwanon sha a bayan randa, an rufe shi da murfi. Na ɗauka mantuwa ce, na zuba a miya.

Inna ba ta taɓa ce mini ke kika hana a kira Kawu ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Abin da ta yi kawai, ta jawo tabarmarta gaban tele. Kowace Asabar tana nan tun kafin a fara, kuma ta daina kallon abin da Malam Kwaɗayi yake ci. Mutanen da ke bayansa take kallo, masu wucewa a kasuwa, masu leƙe ta taga. In ce mata Inna, wannan ƙasar fa bayan teku take, ba ta haɗa hanya da Aljeriya ba. Sai ta ce, "To ke kin san inda ta tsaya ne?" In wuta ta ɗauke ana cikin shirin, ta dinga salati kamar an yi mata rasuwa, wai wataƙila daidai nan ne za ki gitta.

A shekara ta huɗu na gamu da Tasalla a kasuwa, ƴar Icirnawar nan da kika ajiye kaya a wajenta. An maido su daga Aljeriya a manyan motoci, ta rame ta zama kamar tsohuwa. Ita ta gane ni. Ta ja ni bayan rumfar masu tukwane ta faɗa mini komai a tsaye.

Ta ce bayan kun wuce Arlit, a kwana na biyu motar ta mutu a inda ba itace ba inuwa. Direba ya bi wata ƙaramar mota ya ce zai kawo ƙarfen gyara, ba a sake ganinsa ba. Ruwan jarka ya ƙare a kwana na huɗu. Nononki ya ƙafe, Ummi ta riga ki da yini ɗaya, ke da kanki kika tone mata rairayi da hannu. Kashegari kafin azahar kika bi ta. Su Tasalla suka rufe ki da zanenki, suka tura yashi, babu ruwan wanka, sai taimama aka yi miki. Su kaɗan ne suka kai lokacin da wata mota ta tsince su.

Na tambaye ta ko kin bar wasiyya. Ta ce ba wata wasiyya, sai maganar abinci. Ta ce ranar farko a mota kina ta dariya, kina cewa yanzu Halima tana can tana zaginki, amma za ta ga man da kika ajiye bayan randa. Kika ce ba ki yi sallama ba ne don kin san Inna za ta hana, kuma ba za ki iya tsallake maganar uwa ki hau mota ba, gara ki tafi ba ta furta ba. Ta ce a ranar ƙarshe, harshenki ya kumbura ana jin maganarki da ƙyar, abin da kike maimaitawa shi ne, "Ko sun soya? Ƙullun nan zai ishi Rukayya kwana uku."

Ashe ba rufe mini ido kika yi ba. Abincin ƴarki kika bari, iyakar abin da kike da shi, ni kuwa na zubar a kwata don in huce haushi.

Na dawo gida da niyyar in faɗa. Na tarar da Inna gaban tele, Asabar ce. Ta ce in zo da sauri, ga wata can bayan Malam Kwaɗayi da goyo da shuɗin zane, tafiyarta irin taki. Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bin matar har ta ɓace. Fuskarta ta yi haske yadda na daɗe ban gani ba. Na zauna kusa da ita na ci gaba da fassara. Na ce gobe zan faɗa, goben nan ta zama shekara huɗu, Inna ta koma ga Allah tana jiranki. Na ce wa kaina tausayinta nake ji. Ƙarya ne, Yaya, ko in ce rabin gaskiya. Tsoro nake ji a sake jin labarin ƙullun, a san abin da na zubar. Bayan rasuwarta kuma sai na rasa bakin da zan ce wa Rukayya na sani tuntuni. Tasalla ta koma wajen danginta a Najeriya, sirrin ya zauna a hannuna ni kaɗai.

Rukayya ta gaji kakarta a wajen kallo, sai dai ita a salula take yi. An daina nuna Malam Kwaɗayi, amma yanzu masu yawon duniya sun yi yawa, kowa da nasa. Takan tsayar da hoto ta buɗa shi da yatsu biyu, ta ƙura wa fuskokin mata ido. Watan jiya wata da ta dawo daga arewa ta ce mata wai ta taɓa jin labarin wata Barira ƴar Matameye tana wanke-wanke a wani gida can. Barira nawa ce a ƙasar nan? Amma tun ranar yarinyar ta daina yawan magana, ta sayar da ƴan kunnenta, takunta ya canza. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Kwana goma da suka wuce, da la'asar, na shigo na tarar da ita a tsugune tana kankare tanda. Ta tono ta daga ƙarƙashin rumbu, duk gizo-gizo da kashin kaji. Ga gero a jiƙe, ga kwalbar mai cike ta ajiye a fili kan turmi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tanti, gobe waina za mu yi."

Yarinyar da ta tashi tana jin labarin ƙullun uwarta a bakin kowa ba za ta yi zaton ta ruɗe ni da shi ba. Sallama take yi mini, ta hanyar da ta san zan gane. Na shiga ɗakinta na ɗaga gefen katifa, na leƙa ƙarƙashin gado. Jarka biyu cike da ruwa, an ɗinke su da buhu kamar yadda matafiya ke yi, da ƙullin garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da dabino. Da hotonki, wanda aka ɗauka ranar sunan Ummi.

Da safe ƙullu ya tashi. Ta hura wuta ta ɗora tanda. Na jawo kujera na zauna gabanta, na faɗa mata duka, tun daga motar da ta mutu har maganarki ta ƙarshe, har abin da na juye a kwata. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni Ummi fa, na faɗa. Ta tambaye ni tun yaushe na sani, na ce shekara bakwai. Ta dube ni, da idanunki sak, ta ce, "Kaka ta mutu tana neman ta a tele, ke kuma kina zaune a gefenta kina fassara mata."

Sai ta zuba mai ta fara suya. Na miƙa hannu in taya ta juyawa, ta janye cokalin. Ita kaɗai ta soye robar nan tas, hayaƙi yana shiga idonta, ta jera a manyan kwanuka ta rufe da faifai. Ta ɗauka a ka ta kai ƙofar masallaci, ta ce wa liman sadakar uwarta Barira ce da ƙanwarta Ummi. Kafin azahar gidan ya cika da masu gaisuwa. Kawu ya zo daga Dawce da sandarsa, bai ce mini komai ba sai Allah Ya ba da haƙuri. Mijinki ma, wanda ya ɓulla daga baya, ya aiko da gaisuwa, yana can Legas da sabon iyalinsa. Aka yi miki addu'ar da ta kamata a yi tun Inna tana da rai.

Da mutane suka watse na ga waina ɗaya ta maƙale a tanda, ta ƙone. Na ɓamɓare ta na ci a tsaye. Ita ce wainar farko da ta shiga bakina tun ranar da kika fita, kuma ɗaci gare ta.

Rukayya ba ta tafi ba. Ta juye ruwan jarkunan a gindin zogalenki, ta rabar da garin rogon. Amma ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Inna, kuma in ban da ina kwana ba abin da ke haɗa mu. Ta daina ce mini Tanti. Asabar ta zo ta wuce ba wanda ya taɓa tele. Kowace yamma nakan tsaya bakin ƙofarta in tambaye ta me za mu dafa gobe, ta ce duk abin da na ga dama. Ina karɓar wannan da hannu biyu, tunda dai tana nan za ta ci. Ko za ta yafe mini, ban sani ba, kuma ba ni da bakin roƙonta. Kowace safiya sai na leƙa na ƙirga jarkunan gidan kafin hankalina ya kwanta.

Yayata, Barira tawa, ki yafe mini. Na zage ki shekara huɗu a kan alherin da kika yi, na kuma hana ki addu'ar uwarki shekara huɗu. Ina kewarki, ina kewar yadda kike murɗe baki ki ba tuwon hatsi sunan da ba nasa ba. Ba wanda ya sake sa ni dariya a gaban murhu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Ummi, Ya jiƙan Inna, Ya haɗa ku inda ba ƙishirwa. Allah Ya shayar da ku daga tafkin Alkausara. Allah Ya jiƙan duk waɗanda rairayi ya rufe ba a san inda suke ba, Ya ba masu jiransu labari na gaskiya, ko da mai ɗaci ne. Allah Ya tsare mini Rukayya, ko da ba za ta sake kallona ba. Amin.

Kin tambaya ko mun soya. Mun soya, Yaya. Rukayya ce ta soya, kuma ko ɗaya ba ta ci ba.

Ƙanwarki mai neman gafararki,
Halima,
Matameye.